Sabon Inji A Tsohuwar Mota: Hakkin Mai Saye, Da Bakanike, Da Dillali

 A wannan mako za mu duba wata mas'ala ta ciniki wadda ba a cika kawo ta a zauren karatu ba, alhali kuwa kullum tana aukuwa a gabanmu, watau sauya wa tsohuwar mota inji, musamman irin akori-kurar nan mai jan ƙafa huɗu wadda 'yan kasuwa da manoma ke shiga ƙauyuka da ita.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwangila ta ratsa Hanwa zuwa Samaru, ko ya zaga garejojin Tudun Wada, ba zai rasa ganin mota an buɗe mata gaba, an rataye injinta da sarƙa, ga wani a ƙasa yana jiran a ɗora shi ba. Wannan aiki halal ne, kuma tattalin dukiya ne, domin raya abin da ake da shi ya fi jefar da shi. Amma a cikinsa akwai ciniki har hawa uku: sayen injin, da jingar bakanike, da sayar da motar daga baya. A kowane hawa kuwa akwai inda hakkin wani yake iya maƙalewa a wuyan mutum.

Asalin waɗannan motoci

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, kuma ita ce motar rangadi a ƙasar nan tun zamanin En'e. Da ita malaman gona da malaman dabbobi da 'yan sanda suke kai wa ga ƙauyukan da babu kwalta. Samfurinta na uku, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, yana da inji mai silinda huɗu, lita 2.25, akwai na fetur akwai na gas. Jikinta na sanholo ne, ba ya tsatsa, shi ya sa sau da yawa jikin yakan fi injin tsawon rai. Daga Japan kuma aka kawo Toyota Land Cruiser, wadda tsohon samfurinta ya yi zamani daga 1960 zuwa 1984, da Toyota Hilux, wadda aka soma yi wa jan ƙafa huɗu a 1979. Akori-kurar Peugeot da kamfanin Kaduna ya riƙa haɗawa bayan buɗe shi a 1975 ta fi su yawa a hanya, amma ƙafafun baya kaɗai take ja da su, saboda haka in damina ta yi nisa, hanyoyin ƙauyukan Giwa da Soba da Kudan suka jiƙe, sai mai jan ƙafa huɗu.

Daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake tsarin musayar kuɗi, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa da ma'aikaci. Sai aka koma ga tsofaffin motoci da injuna na Turai, waɗanda ake saukewa a Legas da Kwatano. Da yawansu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake loda su, shi ya sa har yau ake ce da irin wannan inji ɗan Beljiyam. Daga Ladipo ta Legas suke bazuwa zuwa Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan Sabon Garin Zariya. Sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mai tsohuwar Land Cruiser wadda injinta na fetur ne mai silinda shida, lita 4.2, ba ya bukatar a gaya masa abin da wannan yake nufi ga aljihunsa.

Abin da sauyin yake taɓawa

Kafin a yi hukunci a kan abu sai an san shi. In aka cire inji aka mayar da irinsa, aikin da sauƙi. In kuwa aka ɗora wani iri dabam, to kusan kowace gaɓa ta motar sai ta ji a jikinta. Dole a yanke kujerun inji a sake walda su a jikin shasi, a sami farantin da zai haɗa bayan injin da bakin giya, a daidaita kuloci, a sake hanyar salansa, a duba ko lagireto zai iya sanyaya sabon injin. A motar da ke jan ƙafa huɗu akwai ƙarin wata matsala, domin aksul na gaba yana ƙarƙashin injin ne, in ba a bar rata ba, ranar da motar ta faɗa rami da kaya sai ya doki kwanon baƙin mai ya fasa shi.

Ƙarfin injin ma abin lura ne. Tsohon injin fetur na Land Rover bai wuce ƙarfin doki 70 da 'yan kai ba, amma injin gas na 200Tdi, wanda ya fito a 1989, ya haura doki 100. In aka ɗora shi a kan tsohuwar giya da tsofaffin sandunan aksul, aka kuma sami direba mai zafin ƙafa, ba a daɗewa wani abu yake karyewa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne birki. A motocin da birkinsu ke da tulun taimako, injin fetur ne da kansa yake zuƙe iskar tulun, shi ya sa birkin yake kamawa da ɗan taki kaɗan. Injin gas ba ya yin haka sai da wani famfo na musamman. Wanda ya mayar da mota daga fetur zuwa gas bai haɗa wannan famfo ba, ya bar direba da birki mai tauri kamar dutse, a motar da ranar kasuwa ake cika ta da buhunan masara, mutane kuma su hau bisa kaya. Saboda haka maganar ta wuce ta dukiya, ta kai ga rayuka.

Hawa na farko: sayen injin

Injin da ke ajiye a ƙasa a shago, ba a tayar da shi ba, cikinsa a rufe yake, mai saye ba ya ganin fistin ko ringi ko karanshaf. Shari'a ta hana cinikin garari, watau cinikin abin da ba a san hakikaninsa ba, amma ta yarda a sayi abu bisa siffa. Don haka wajibi ne mai shago ya faɗi irin injin, da lambarsa, da ko an taɓa buɗe shi, da abin da ya sani na lafiyarsa. Injin da aka yi aiki da shi a nan gida, aka wanke aka fesa masa fenti aka jera shi cikin 'yan Beljiyam, sayar da shi da wannan suna ha'inci ne tsantsa.

Akwai hadisin da ya yi daidai da wannan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki ba a tatse ta ba domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Ya ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ta ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino, malamanmu na Malikiyya kuma suka ce sa'i na abincin da ya fi rinjaye a garin. To, wanda ya zuba baƙin mai mai kauri domin ya danne ƙarar inji da hayaƙi, ko ya tayar da mota ta yi zafi kafin mai saye ya iso don kada a ga wahalar tashinta da safe, ko ya tsinke wayar fitilar da ke nuna ƙarancin mai, me ya raba shi da mai ɗaure hantsa?

A nan akwai wuri guda da ya kamata mai saye ya farga. Shaihu Halil ya kawo a Muhtasar cewa aibin da ba a iya gane shi sai an sauya kamannin abin, kamar gara a cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi, masu sharhi kuma suka ce sai fa in an yi sharaɗin mayarwa ko al'adar kasuwa ta gudana a kan haka. Mai shagon da bai san aibin ba yana iya kafa hujja da wannan ranar da aka buɗe inji aka tarar da ɓarna. Maganin gardama shi ne a faɗi sharaɗin a fili tun farko: kwana nawa ne na gwaji, daga ranar saye ake ƙirgawa ko daga ranar da aka tayar da injin, kuma in an mayar, kuɗi za a karɓa ko wani injin. In an ƙulla cinikin bisa zaɓi ne, watau mai saye yana da ikon fasawa ko da babu aibi, to Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ba ya halatta a sharɗanta biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓin, domin kuɗin yana zama tsakanin rance da farashi, amma in mai saye ya biya don kansa ba da sharaɗi ba, babu laifi. Haka kuma ba da tsohon inji a ƙara kuɗi a karɓi wani, hannu da hannu, ya halatta, muddin kowa ya bayyana abin da ke cikin nasa.

Hawa na biyu: bakanike

Jinga tana inganta ne in an san aikin an kuma san ladan. Kalmar nan ta “ka dai fara, ma daidaita” ita ce uwar rigima. A yanke tun farko ko ladan ya haɗa da na mai walda da mai wayarin, da wanda zai sayi ƙananan kaya, da ranar da za a gama. In kuma an shirya cewa ba biya sai mota ta tashi ta yi tafiya, wannan ma ƙulli ne da shari'a ta sani, sai dai a faɗe shi kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.

A mazhabar Imamu Malik, mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, in ya karɓi kaya ya kai wurinsa, to lamuninsu yana kansa, ko da lada yake aikin ko kyauta, sai in ya kawo shaidu cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba. Ana danganta wannan hukunci ga Sayyadina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, dalilinsa kuwa maslahar jama'a ce, domin da an bar masu sana'a a kan rantsuwa kawai da dukiyar mutane ta tozarta. Saboda haka batir ko altaneta ko tayar da ta ɓace a gareji, ba a rufe maganarta da cewa yara ne suka ɗauka. Haka nan wanda ya karɓi aikin da bai iya ba, ya koya a kan motar mutane har ya lalata giya, zai biya, kamar yadda wanda ya yi wa mutum magani ba shi da sanin magani yake biya.

Tsohon injin da aka cire na mai mota ne, shi da kafireto da kik da duk abin da ke jikinsa, ko da kilo za a sayar da shi ga 'yan gwangwan. Ba ya zama na bakanike don ya daɗe a garejinsa, sai in an ba shi ko an sayar masa. In kuma aka aiki bakanike Kaduna ko Kano ya sayo inji, to wakili ne, amana ce a hannunsa. Ragin da aka yi masa na wanda ya aike shi ne, kuma sa mai shago ya rubuta rasit da kuɗin da ya fi na gaskiya cin amana ne, mai shagon da ya rubuta shi ma yana da kamasho a zunubin. Bakaniken da yake son riba a kan injin sai ya fito fili ya ce shi mai sayarwa ne. Mai mota shi ma kada ya manta nasa: jinkirta ladan ma'aikaci alhali ana da halin biya zalunci ne, kuma motar da aka yasar wata da watanni a gareji tana cin filin da mutum yake neman abincinsa.

Hawa na uku: sayar da motar

Tambayar da ta fi yawa ita ce, shin dole ne mai sayarwa ya faɗi cewa an sauya inji, ko da sabon ya fi na asali lafiya? Amsa ita ce dole ne. Ma'aunin aibi a wurin malamai shi ne duk abin da yake rage farashi a al'adar 'yan kasuwa, ko wanda mai saye zai ƙi da ya sani. Kowa kuwa ya san motar da ke da injinta na asali da wadda aka yi wa dashe ba kuɗinsu ɗaya ba. Bayan wannan, mai saye yana bukatar sanin irin injin domin sayen kayan gyara, da sanin lokacin sauya bel ɗin da ke cikin injunan gas irin su 200Tdi da 3L, wanda in ya tsinke a kan tafiya yake jawo babbar ɓarna. Faɗin “yadda ka gani haka ka saya” ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya ɓoye. Manzon Allah ya taɓa sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa.

Wanda ya sayi mota ya gano tsohon aibi yana da zaɓi biyu: ya riƙe ta a kan kuɗin da ya biya, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya samu na haya kafin ya mayar nasa ne, domin da ta lalace a lokacin shi zai yi hasara. In kuwa wani sabon aibi babba ya same ta a hannunsa, to ko ya mayar ya biya abin da sabon aibin ya rage, ko ya riƙe a mayar masa da kimar tsohon aibin. Ga misalin lissafin: masana suka ce da motar lafiyayya ce ta kai Naira miliyan 5, da aibinta kuwa miliyan 4, watau aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar. In ya saye ta a kan Naira 4,500,000, za a mayar masa da Naira 900,000. Alƙali ga masana yake komawa a irin wannan, garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tun 1986 kuwa ba zai rasa su ba, balle tsofaffin kanikawa masu gaskiya. Sai dai wanda ya ga aibi ya ci gaba da lodi da motar kamar bai gani ba, ana ɗaukar wannan a matsayin yarda.

Dillali la'adarsa halal ce, amma shirunsa a kan abin da ya sani ba halal ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Na ukunsu da ya haɗa su bai fita daga wannan ba.

Lamba da takardu

Kowane inji yana da lambarsa, shasi ma yana da tasa, kuma da su ake rajistar mota. Dokar hanya ta wajabta a sanar da hukuma in an sauya inji, a gyara takardu a ofishin lasin da rajistar motoci ta 'yan sanda. Wannan doka tana tsare dukiyar jama'a ne, bin ta wajibi ne. Goge lambar inji a buga ta tsohon domin ta dace da takarda shaidar zur ce da aka rubuta a kan ƙarfe. Injin da babu rasit, aka kawo shi da dare da araha mai ban mamaki, a guje shi, domin in mai shi na gaskiya ya bayyana da hujja, shari'a za ta ba shi kayansa, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa, in ya gan shi.

Muna da magana ta musamman ga 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati, waɗanda motocin ofis ke hannunsu. Cire lafiyayyen inji daga motar hukuma a musanya shi da matacce, ko a rubuta cewa mota ta mutu domin a yi gwanjonta da arha ga wanda aka shirya da shi, wannan shi ne gululu, watau satar dukiyar jama'a. A shekara ta 7 bayan hijira, bayan yaƙin Haibara, kibiya ta kashe wani hadimin Manzon Allah, mutane suka yi masa murnar Aljanna, sai Manzon Allah ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. In mayafi guda ya kai ga haka, to a auna nauyin injin mota. Wanda ya sa hannu a takardar, da wanda ya kwance, da wanda ya saya yana sane, duk igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma tuba ba ta cika sai an mayar da hakkin.

Nasiharmu ta ƙarshe ita ce a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda guda mai ɗauke da lambar inji, da kuɗinsa, da kwanakin gwaji, da ladan aiki, da makomar tsohon injin, da sa hannun shaidu biyu, ta isa ta hana zumuncin shekara ashirin ya watse a gaban alƙali. Kuma kada a ɗora fasinja ko ɗaya sai an gwada birki da kaya a kan motar.

Allah ya tsarkake mana abincinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kiyaye matafiyanmu.